Yadda muka janye maƙalarmu bayan an riga an buga ta

Tun da sanarwar janye maƙalarmu ta fito abokan aiki ke biyo ni da tambaya, galibi a keɓe, murya ƙasa-ƙasa. Wani yana son ya san ko an tuhume ni, wani kuma da ka ji yadda yake kewaye-kewaye ka san shi ma akwai abin da ke cin sa a tasa maƙalar. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana tun daga tushe, domin lokacin da ya same mu na rasa wanda zan tambaya. Ba zan faɗi sunan mujallar ko jami'ar ko ɗakin gwaje-gwajen da abin ya shafa ba. Matakan dai kusan ɗaya ne a duk mujallar da ke bin ƙa'ida.

Bincikenmu a kan hanta ne. Muna renon ƙwayoyin halittar hanta a kwalabe, mu zuba musu wani sinadari, mu auna yadda suke sarrafa shi. Ƙwayoyin ba saye muka yi ba, wani ɗakin gwaje-gwaje ne ya ba mu kyauta, kamar yadda masu bincike suka saba yi wa juna. Maƙalar ta fito, ta daɗe a waje, har wasu sun kafa hujja da ita a nasu rubutun. Sai da muka zo tura aiki na biyu ga wata mujalla aka ce ba za a duba shi ba sai mun haɗa da takardar shaidar asalin ƙwayoyin. Gwajin da ake yi shi ne na STR, irin wanda ake yi wajen tabbatar da uban yaro: ana duba wasu wurare a cikin DNA inda gajeren jeri ke maimaituwa, kuma yawan maimaituwar ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Muka ɗebi samfuri muka aika, muka biya kuɗin da bai taka kara ya karya ba, muna ganin cika sharaɗi ne kawai. Da rahoton ya dawo, layin farko da idona ya faɗa a kai shi ne na jinsi. Ƙwayoyinmu an san daga jikin namiji aka samo asalinsu, amma babu alamar Y, wato alamar namiji a cikin DNA, ko kaɗan. A ƙasa kuma an rubuta cewa sun dace da HeLa.

Wanda ba ya wannan fanni ba zai san nauyin wannan suna ba. HeLa ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa ne da aka ɗauka daga jikin wata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a 1951, ba da saninta ba. Ita ta rasu a shekarar, ƙwayoyin kuwa har yau suna hayayyafa a ɗakunan gwaje-gwajen duniya. Suna da saurin yaɗuwa ƙwarai, ta yadda in kaɗan suka faɗa kwalbar wasu ƙwayoyi, a hankali sai su mamaye ta, sunan da ke jikin kwalba yana nan amma abin da ke ciki ya canza. Tun 1966 Stanley Gartler ya faɗakar da masana a kan haka, kuma kwamitin ICLAC da aka kafa a 2012 yana riƙe da rajistar ire-iren ƙwayoyin da aka gano ba su ne abin da ake kiran su ba, sun haura 500. A taƙaice, duk abin da muka rubuta a kan yadda hanta ke sarrafa sinadarin nan, a kan ƙwayoyin mahaifa muka auna shi.

Ban gaya wa kowa ba a daren, kuma barci bai zo ba. Washegari na sa aka dakatar da duk aikin da ke amfani da ƙwayoyin, na rufe akwatin da suke ciki a tankin ruwan naitirojin, na ce kada wanda ya jefar da komai. Wannan na ƙarshen ya cece mu daga baya. Muka narkar da kwalbar da ta fi kowace tsufa, wadda aka daskare tun makon da kyautar ta iso, muka aika da ita tare da ta lokacin gwajin maƙalar zuwa wani wurin gwaji daban. Jiran wannan sakamako ya fi na kowane mataki wuya, don a lokacin ban san ko a hannunmu cakuɗuwar ta faru ba. Duka biyun suka dawo HeLa. Ke nan a haka suka iso mana. Shawarata ga duk wanda ya shiga irin wannan hali ita ce kada ya rubuta wa kowa wasiƙa sai ya riƙe sakamako biyu daga wurare biyu, da kwanan wata a jikin kowanne. Duk ofishin da na shiga daga baya, abin da aka fara nema ke nan.

Daga nan sai zaman marubuta, kuma a nan ne aka fi kai ruwa rana. Akwai babban farfesan da sunansa ke ƙarshen maƙalar, akwai ɗalibata mai neman digiri na uku wadda sunanta ke farko, da wasu abokan aiki, ɗaya daga ciki ya bar jami'ar tun tuni. Farfesa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Dakta, yanzu so kake mu fito bainar jama'a mu lashe amanmu? A aika musu gyara mana, a canza sunan ƙwayoyin, a wuce wurin." Na ce, "Ranka ya daɗe, da sunan ne kaɗai da sauƙi. Kan maƙalar hanta, gindinta hanta. In an cire hanta me ya rage?" Ba mugun nufi ke gare shi ba, mutum ne da ya shafe shekaru yana gina suna, kuma ya ga yadda ake kallon waɗanda aka janye wa aiki. Ɗalibar ba ta ce uffan ba sai da aka tashi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, digirina fa?" Ba ni da amsar da zan ba ta a ranar. Abin da ya raba gardamar shi ne ƙa'idojin COPE, wato kwamitin ɗa'ar wallafa da editocin mujallun likitanci suka kafa a Birtaniya a 1997. Sun fitar da jagorar janye maƙala a 2009, suka sabunta ta a 2019, kuma ta bayyana cewa idan sakamakon ba abin dogaro ba ne, ko saboda maguɗi ko saboda babban kuskure, janyewa ake yi. Ta kuma ce manufar ita ce tsabtace rumbun ilimi, ba hukunta marubuta ba. Na buga ta na ajiye wa Farfesa a tebur. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ya ce in rubuta wasiƙar, zai sa hannu.

Kafin mujalla sai da na bi ta ofishin jami'a mai kula da ɗa'ar bincike. Wasu sun ce min wannan kai kai ne ga mahauci, amma da na san mujallar za ta iya tuntuɓar jami'a, na fi son su ji daga bakina. Sakatariyar ofishin ta ba ni fom, ta ce in kawo bayani a rubuce da duk hujjojina. Na haɗa rahotannin gwajin, da kwafin littattafan ɗakin gwaji na shekarun, da rajistar tanki mai nuna ranar da aka daskare kowace kwalba, da saƙonnin imel da muka yi musaya da waɗanda suka ba mu ƙwayoyin, da takardar yarjejeniyar miƙa kayan bincike, da ainihin alƙaluman da na'urori suka fitar. Takardar yarjejeniyar ce ta ba ni wahala, sai a ofishin shari'a na jami'a aka tono ta. Aka kafa ƙaramin kwamiti, suka kira ni, suka kira ɗalibar ita kaɗai, suka kira ma'aikacin da ke kula da tanki. Tambayoyinsu ba na cin fuska ba ne, amma ba sa tsallake komai: yaushe kuka fara shakka, wa ya fara gani, me ya faru tsakanin ranar da kuka sani da ranar da kuka faɗa. Wannan tazara ita suka fi sa wa ido, don haka duk ranar da ka ƙara kana shiru, hujja kake tara wa kanka. Bayan wasu makonni suka ba da wasiƙa mai shafi ɗaya cewa ba su ga alamar maguɗi ba. Ban biya ko sisi a wannan ofis ba, lokaci kawai ya ci.

A wajen mujalla ne na fi ruɗewa. A shafin da ake tura maƙala akwai wurin da aka tanada don janye rubutu, kuma nan ido ke fara kai mutum. Na bi ta nan, saƙona ya faɗa hannun masu taimakon fasaha, aka jima kafin su amsa cewa wannan ƙofa ta rubutun da ba a buga ba ce, tawa kuwa an riga an buga, suka rufe buƙatar. A bakinmu duk janyewa ce, amma a wurin mawallafa abubuwa ne daban-daban, kowanne da ofishinsa. Ɗauke rubutu kafin a buga shi abu ne tsakaninka da edita, duniya ba ta ji. Gyara ana yin sa ne idan kuskuren bai rushe sakamakon ba, kamar alƙalamin da aka juya a jadawali. Akwai sanarwar shakku, wadda edita ke liƙawa idan ana cikin bincike ko hujja ba ta kammala ba. Akwai janyewa ta haƙiƙa, wadda ke cewa kada a ƙara dogaro da wannan aiki. Sai kuma cire maƙala daga intanet ɗungurungum, wanda ba kasafai ake yi ba, sai da dalili irin umarnin kotu, ko ɓata suna, ko tona sirrin majiyyaci, ko haɗari ga lafiyar jama'a. Wasu manyan mujallun likitanci suna da wata hanya ta janye maƙala a maye gurbinta da gyararriya, idan kuskure ne na gaskiya kuma aikin yana da sauran amfani. Na tambaya ko za mu samu wannan, aka ce tamu ba gyaruwa za ta yi ba, sabon bincike ne ake bukata. Kalmar da za ka sa a kan wasiƙarka ita ce "retraction", wato janyewa ta haƙiƙa, kuma babban edita za ka aika wa kai tsaye, ka sa sashen ɗa'a na kamfanin ɗab'in a kwafi.

Wasiƙata ba ta wuce shafi ɗaya ba. Na sa kan maƙalar da lambarta ta DOI, wato lambar shaidar da ake gano maƙala da ita a intanet, na faɗi abin da muka gano da yadda muka gano shi, na faɗi dalilin da ya sa gyara ba zai isa ba, na lissafa takardun da na haɗa, na ce marubutan da na samu duk sun amince. Edita ya amsa da sauri, cikin mutunci, ya ce ya miƙa wa sashen ɗa'a. Daga nan shiru ya biyo baya. A nan na gane cewa marubuci roƙo yake yi, hukuncin na edita ne. Yana iya janye maƙala ko da marubuta sun ƙi, yana kuma iya jan ƙafa ko da sun nema. Watanni suka shuɗe maƙalar tana zaune a shafinsu ba wata alama, mutane na sauke ta. Wannan ya fi komai damuna, don na san abin da ke ciki ba daidai ba ne kuma ba ni da ikon taɓa shi. Na riƙa tuntuɓa lokaci-lokaci, a cikin zaren imel ɗaya don tarihin ya zauna wuri guda. Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na roƙi a liƙa sanarwar shakku kafin su gama, kuma suka yi. Da na san ana iya neman haka, da tun a wasiƙar farko na sa shi.

Sai ga daftarin sanarwar janyewa ya iso, layi uku. Abin da ya ce shi ne an janye maƙalar saboda damuwa game da ingancin bayanan da ke cikinta. Na karanta na sake karantawa. Babu ƙarya a ciki, amma duk wanda ya gani zai ɗauka kama mu aka yi. Kuma mai karatu yana da dalilinsa: wani nazari da Fang da Steen da Casadevall suka buga a 2012 ya bi maƙaloli 2,047 da aka janye a fannin likitanci da kimiyyar halittu, ya gano kusan kashi 67 cikin ɗari saboda rashin gaskiya ne, kamar ƙirƙirar sakamako da satar fasaha da buga abu ɗaya sau biyu, kuskure kuwa kusan kashi 21 ne kacal. A 2023 ma maƙalolin da aka janye sun haura 10,000, akasarinsu daga kamfanin ɗab'i guda da masu sayar da maƙalolin bogi suka yi wa kutse. Idan sanarwarka ba ta faɗi dalili ba, cikin wannan taro za a lissafa ka. Don haka na mayar da daftarin da gyare-gyare, na kafa hujja da jagorar COPE, wadda ta ce sanarwa ta faɗi wanda ya janye da dalilin janyewar. Na nemi a rubuta cewa marubuta ne suka nemi a janye, cewa gwajin STR ne ya nuna ƙwayoyin HeLa ne, cewa kwalbar farko ma haka take, cewa jami'a ta bincika ba ta ga maguɗi ba. Aka yi ta kai da komowa. Uku na farko suka shiga. Maganar jami'a sai da suka nemi wasiƙar kai tsaye daga ofishin, ba ta hannuna ba, kafin su sa. Sunan ɗakin gwajin da ya ba mu ƙwayoyin kuwa lauyoyinsu suka ce ba zai shiga ba. Na ji haushi a lokacin, amma yanzu ina ganin sun yi daidai, don su ma wataƙila a haka aka ba su.

Kafin a buga sai da aka aika wa kowane marubuci daftarin ƙarshe shi kaɗai, a ji ko ya yarda. Ana rubuta matsayin kowa a ƙasan sanarwar: wane ya amince, wane bai amince ba, wane ba a same shi ba. Abokin aikinmu da ya bar jami'a tsohon adireshinsa ya mutu, aka kusa rubuta cewa bai amsa ba, abin da zai bar masa tabo ba gaira ba dalili. Sai ta hannun wani tsohon ɗalibinsa na samo shi. Tun ranar farko ka tattara adireshin kowa mai aiki.

Ranar da sanarwar ta fito na buɗe shafin na ga maƙalar tana nan daram. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma a nan na ga haka ƙuru-ƙuru. An ƙara kalmar janyewa a gaban kanta, an buga tambari a kan kowane shafi na PDF, sanarwar ta samu lambar DOI tata, an ɗaure su da juna, kuma ana karanta ta kyauta. Alamar Crossmark, mai nuna halin da maƙala ke ciki, ta canza, daga baya PubMed, rumbun neman maƙalolin likitanci, ya sa nasa gargaɗin, sannan ta shiga rumbun Retraction Watch, shafin da ke bibiyar maƙalolin da aka janye, wanda Ivan Oransky da Adam Marcus suka fara a 2010, kuma Crossref, ƙungiyar da ke rajistar lambobin DOI, ta karɓi rumbun ta buɗe shi ga kowa a 2023. Da gangan ake barin maƙalar, domin wanda ya taɓa dogaro da ita ya dawo ya ga abin da ya faru. Kuɗin bugawa da muka biya tun farko ba a mayar mana ba, ba a kuma caje mu komai a kan janyewar ba.

Na ɗauka an gama, ashe saura shara. Mujalla nata shafin kawai take gyarawa. Kwafin da ke rumbun jami'a, da wanda ke ResearchGate, dandalin masu bincike, da daftarin farko da muka sa a intanet kafin a buga, duk suna nan tsaf ba tambari, kuma ni ne zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta wa hukumar da ta ba mu tallafi, suka nemi rahoto da tsarin yadda za mu hana maimaituwa, ba su nemi a mayar da kuɗi ba. Na rubuta wa waɗanda suka ba mu ƙwayoyin tun kafin sanarwar ta fito, na haɗa musu rahotannin ba tare da zargi ba. Sun jima ba su amsa ba, daga baya suka ce za su gwada nasu. Akwai kuma wani ɗakin gwaji da mu muka ba su daga namu, wannan kiran ya fi kowanne nauyi a baki.

Maganar digirin ɗalibata ta tafi makarantar karatun gaba da digiri. Babi biyu na kundinta a kan ƙwayoyin suka tsaya. Aka ƙara mata wa'adi, muka sayi sababbin ƙwayoyi daga ma'ajiyar da ke ba da takardar shaida, muka gwada su da isowarsu, ta sake aikin. Sakamakon ya fito daban, tasirin sinadarin bai kai yadda muka rubuta a da ba. Ta sa labarin cakuɗuwar a babin hanyoyin bincike, kuma masu jarrabawa sun daɗe a kansa fiye da kowane babi. A jerin wallafe-wallafena ban goge maƙalar ba, na bar ta na rubuta a gabanta cewa an janye bisa buƙatar marubuta, da lambar sanarwar. Kwamitin ƙarin girma bai ƙirga ta ba, bai kuma hukunta ni a kanta ba. Ga masu tsoron sunansu, akwai nazarin da Lu da abokan aikinsa suka buga a 2013, wanda ya nuna cewa waɗanda suka kai rahoton kuskurensu da kansu ba a rage kafa hujja da sauran ayyukansu ba, saɓanin waɗanda aka kama. Frances Arnold ma, wadda ta ci kyautar Nobel a fannin sinadarai a 2018, ta janye wata maƙalarta daga mujallar Science a farkon 2020 saboda an kasa maimaita sakamakon, kuma da bakinta ta sanar.

Abin da har yanzu bai ƙare ba shi ne ambato. Maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta allurar rigakafin MMR, ta ƙyanda da hangum da rubella, da cutar galahanga (autism) ta fito a mujallar The Lancet a 1998, ba a janye ta gaba ɗaya ba sai 2010, kuma bayan haka ma ba a fasa ambatonta ba. Tamu ƙarama ce ƙwarai, amma hanyar ɗaya ce: mutum ya sauke PDF shekarun baya, yana cikin kwamfutarsa ba tambari, ko ya kwafo ta daga jerin manazartar wani ba tare da ya buɗe ta ba. Manhajar Zotero, ta adana manazarta, tun 2019 tana ja wa mai amfani da ita kunne idan maƙalar da ya ajiye an janye ta, amma ba kowa ke amfani da ita ba. Na sa Google Scholar ya riƙa sanar da ni duk lokacin da aka ambaci tamu. In na ga an kafa hujja da ita a matsayin aikin hanta, sai in aika wa marubucin gajeren saƙo da lambar sanarwar da kwafin rahoton gwajin. Wasu sukan yi godiya su nemi gyara a mujallarsu, wasu ba sa amsawa, ɗaya kuma ya tambaye ni inda zai kai nasa ƙwayoyin a gwada.